Yatsun Bawa Direba Guda Tara

Duk saurayin da ya zo shagona ya ce yana son koyon yankan farce, tambayarsa ta farko ba ta canzawa: "Baba Ummaru, kwana nawa zan yi in iya?" Wani ma da dariya yake tambaya, don a ganinsa me ke ciki? Ga almakashi, ga farce, ka datse, ka kankare, mutum ya tashi. To, ku gyara zama ku ji. Na fi shekara talatin ina riƙe hannuwan mutane da ƙafafunsu, kuma har gobe ba na ɗora ƙafar wani a gwiwata da wasa.

Farcen farko da na yanke ba na mutum ba ne. Mu mutanen Bungudu ne. Ina saurayi mahaifina ya kai ni Tsafe wurin abokinsa Baba Ɗanjuma, wanda yake zama a gindin wata darbejiya a bakin titi, inda motocin Funtuwa suke tsayawa fasinja su sayi rake da gyaɗa. Ranar da na isa ya miƙo mini sakaina da tsohon almakashi, ya ce in fitar masa da siffar farce a jikinta, ba tsagewa, ba kaifi a baki. Na yi tsammanin aikin yini ɗaya ne. Wata biyu ina yanka sakaina. Idan na gama sai ya shafa bakinta a kumatunsa, in ta karce shi ya jefar.

"Wanga in akaifar mutum ce, da ya yage rigarsa da ita," in ji shi. Shi bai taɓa cewa farce ba, akaifa yake cewa, irin na mutanen da.

Daga sakaina ya mayar da ni kan faratana. Daga nawa ya ba ni ƙafarsa. Sai da na shekara kafin ya bar ni na taɓa baƙo.

Kayan aikinmu a lokacin ba su da yawa. Almakashi biyu ne na maƙera, ba irin na tela ba: babba mai kauri na datsewa, da ƙarami mai siririn baki wanda ake kankare gefen farce da shi, a fitar da dattin da ya maƙale. Akwai dutsen washi. Akwai 'yar kwalba ta ruwan sabulu da guntun soso a ciki, ana shafa kumfa don farce ya yi laushi. Sai tsumma a kafaɗa. Ba ma talla da baki. Kana tafiya kana kaɗa almakashi, ƙyas, ƙyas, ƙyas, mai bukata ya ɗago hannu. Kowane mai sana'a da irin kaɗawarsa. Ta Baba Ɗanjuma uku ce a jere sannan ɗaya, kuma ita na gada. Makaho ma idan ya ji ta a tasha ya san wane ne ke zuwa.

Ya koya mini riƙon yatsa, yadda za ka danne naman ƙasan farce da babban yatsanka ya ja baya, almakashi ya wuce bai same shi ba. Ya koya mini kada in yi hira da idona, in yi da bakina kawai. Abu ɗaya ne bai koya mini ba, domin shi ma ba a koya masa ba. Almakashi ɗaya muke yi wa kowa da shi tun safe har la'asar. In an gama da mutum a goge a tsumma, a kama na gaba. In jini ya fito a danna kumfa a wurin, a ce sannu.

Bayan shekara huɗu ya sallame ni da almakashi biyu da addu'a, na taho Gusau na kama yawo a tasha da kasuwa. A nan na san faratan mutane. Manomin da ya fito daga Mada ko Wonaka, farcen ƙafarsa kamar ƙahon rago, laka ta shiga ta bushe a ciki. Sai ka jiƙa shi sau biyu kafin almakashi ya ci. Bafulatani mai takalmin roba, ƙafarsa kullum a jiƙe da gumi, farcen ya yi fari yana ɓarewa. Mahauci, ƙarƙashin farcensa kitse ne. Bakanike, baƙin mai. Malamin makaranta kuwa zai ce ka bar masa na ɗan ƙaramin yatsa, kada ka tambaye shi dalili. Ranar Juma'a kafin masallaci ba ka samun sararin shan ruwa. Kwana goman farko na watan Babbar Salla kasuwa takan mutu, domin masu niyyar layya ba sa yanke farce. Amma washegarin salla sai ka ga layi kamar ana rabon nama.

A cikin dukan waɗannan akwai Malam Bawa, direban bas mai jigilar Gusau zuwa Funtuwa. Ya girme ni da kusan shekara goma. Ƙato ne, mai dariya da dukan jikinsa, kuma bai yarda kowa ya taɓa masa farce ba sai ni. Kowace Juma'a da hantsi zai zauna a kan benci kusa da mai shayi, ya tuɓe takalmi, ya miƙo ƙafa ya ce, "Ummaru, ga tayoyin nan, a duba iska." Ina yanka yana ba ni labarin hanya: wanda ya manta akuya a but ɗin mota, tsohuwar da ta ce a tsaya ta gaisa da ƙanwarta a Tsafe ta shige gida ta yi zamanta. Shekara bakwai muna haka. Ranar sunan ɗiyata Hadiza shi ya kwaso 'yan'uwana daga Bungudu a motarsa, bai yarda an yi masa maganar komai ba.

Wata Juma'a ce a tsakiyar damina. Kafin Malam Bawa ya zo, na yi wa wani ɗan dako aiki, wanda gefen yatsansa ya kumbura yana fitar da ruwa. Na lallaɓa na gama, na goge almakashi a tsumma kamar kullum. Malam Bawa ya zauna, ƙafarsa duk taɓo, don sun tura mota a hanya. Na wanke da soso. Farcen babban yatsansa na dama ya lanƙwasa ya shiga nama, abin da yakan yi masa lokaci-lokaci. Na sa ƙaramin almakashi in ɗago gefen, sai bakin ya zame. Yankan bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Jini ya ɗan taru.

Na ce, "Ayya, Malam Bawa, na taɓa ka. Sannu."

Ya leƙo ya ce, "Ina? Wallahi ban ji komai ba."

Na ji daɗin wannan magana a lokacin. Na ɗauka hannuna ne mai sauƙi. Na danna kumfa, na goge da tsumman nan na kafaɗa, ya mayar da ƙafarsa cikin jiƙaƙƙen takalmi ya tafi lodi.

Juma'a ta zagayo bai zo ba. Ta biyu ma haka. Mai shayi ne ya gaya mini, yana zuba ruwan zafi bai dube ni ba: Bawa yana asibiti, ƙafa ta ruɓe, an cire masa babban yatsa. Ashe yana da ciwon suga, shi kansa bai sani ba sai a kan gadon.

Na tafi da lemo a leda. Na same shi a kwance, ƙafar a naɗe an ɗora ta kan filo, ya rame har wuyansa ya fito. Matarsa tana gefe. Na gaishe ta, ta amsa da ƙyar ta juya baya. Shi kuwa ya ce in zauna. Na zauna. Na fara cewa, "Malam Bawa, ni ne..." sai ya ɗaga hannu.

"Bari, Ummaru. Abin da Allah ya rubuta. Ka gaida mutanen tasha."

Zan fita wata ma'aikaciyar jinya ta tare ni a baranda, mace mai kamar shekara hamsin, da tabarau. Malama Saratu sunanta. Ta ce, "Malam, kai ne mai yankan farcen? Kayan aikinka suna tare da kai?" Suna aljihuna. Ta karɓi ƙaramin almakashin ta buɗe shi sosai, ta nuna mini wurin ƙusar da ta haɗa bakin biyu. Akwai wani baƙin abu daskararre a wurin. Ban taɓa dubawa ba.

Ta ce, "Ka san mene ne wannan?"

Na ce tsatsa ce.

Ta ce, "Akwai tsatsa. Akwai kuma fatar mutane da jininsu. Ba zan ce maka almakashinka kaɗai ya ci yatsan bawan Allahn nan ba. Suga ta kashe masa jin ƙafa, ya yi ta taka taɓo da rauni bai sani ba, ya kuma makara bai zo ba. Amma kai ka buɗe ƙofar. Kuma ba wannan ne ya fi ba ni tsoro ba. Ciwon hanta yana bin jini, ƙanjamau ma haka. Ɗigon da ido ba ya gani, kana iya ɗaukarsa daga wannan ka kai wa wancan, ko ka kai wa kanka. Sau nawa almakashi ya soke ka?"

Na dubi yatsuna. Ba su da wurin da babu tabo.

Ta tambayi wanda ya koya mini. Na ce ya rasu shekara uku da suka wuce. Ta ce me ya same shi? Na ce cikinsa ne ya kumbura, idonsa ya yi rawaya, aka yi ta ba shi maganin shawara. Ta ce ita ba ta ga mutumin ba, ba za ta yanke hukunci ba, amma in zo gobe a auna jinina.

Kwana biyun da na yi ina jiran sakamako ban kaɗa almakashi ba. Allah ya taimake ni, ba a sami komai ba. Aka yi mini allurar rigakafin ciwon hanta, sau uku, a watanni daban-daban.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Labari ya riga ni komawa tasha, kuma ya ƙara ƙiba a hanya: wasu suka ce ƙafar duka aka yanke, wasu suka ce mutum uku ne. Ina kaɗa almakashi mutane suna janye ƙafafunsu ƙarƙashin benci. Ba wanda ya zage ni. Gaisuwa ma suna amsawa. Hannu ne kawai ba wanda ya ɗago. Na koma kasuwa, can ma an ji. Da abin ya ƙi, na kwashe iyali muka koma Bungudu, na kama noma a gonar yayana har aka yi girbi. Matata ta ce in nemi wata sana'a, ko sayar da rake ne. Na ce to. Amma duk ranar da na shigo Gusau yin allurar nan, sai in nemi Malama Saratu in tsaya har ta sami sarari, in yi ta tambaya.

Abin da ta koya mini shi ne nake koya muku, kuma ba na rage ko ɗaya. Da farko wanki: a buɗe almakashi, a sa buroshi da sabulu a cuɗe har wurin ƙusa, domin tafasa ba ta aiki a kan datti. Sannan a sa a tukunya, ruwa ya rufe shi, a rufe murfi, a fara lissafin minti ashirin daga lokacin da ruwan ya tafasa, ba daga lokacin da aka ɗora ba. A tsame da abin tsamewa, ba da hannu ba, a bari ya bushe, a ajiye a kwano mai murfi. Mutum ɗaya, almakashi ɗaya. Goga sifirit da auduga yana da amfaninsa, amma ba ya maye gurbin wanki da tafasa. Wannan kunna laita da wasu suke yi su wuce da bakin almakashi a kai, don idon mai ƙafa ne kawai, kuma yana kashe kaifi. Reza a ɓare sabuwa a gaban mutum, in an gama a jefa a gwangwani mai murfi, ba a ƙasa ba. Tsumman kafaɗa da soson kwalba kuwa, ta ce in ƙone su. Yatsa mai ruwa ko mugunya ba nawa ba ne, na asibiti ne. Kuma kafin in taɓa ƙafar dattijo in tambaye shi, "Baba, kana da suga?" In ya ce e, ko ya ce ƙafarsa tana yi masa kamar ya sa safa, to ba tono, ba kankara, ba reza.

Bayan girbi na sayar da rabona na dawa, na je wurin maƙeri ya ƙera mini almakashi goma sha biyu. Na sayi ɗan risho da tukunya. Yawo ya ƙare, domin ba a yawo da tafasasshen ruwa. Na roƙi mai shayi ya bar ni na zauna a gefensa. Ranar farko 'yan kamasho suka kewaye ni suna dariya.

"Ummaru, taliya za a dafa ko wake?"

Na ce, "Almakashi ne, in ya nuna zan kira ku."

Sati uku ina tafasa almakashin da ban yi aiki da su ba. Mutum biyu ko uku a yini, su ma baƙi ne masu jiran mota.

Sai wata Juma'a da hantsi na ji tasha ta ɗauki sowa. Malam Bawa ne, yana ɗingishi da sanda, ya sa wani faffaɗan takalmi. Ya gaisa da kowa, ya bi ta gaban wasu masu yankan farce biyu, ya zo ya zauna a bencina. Ya leƙa tukunya, ya dubi kwanon almakashi, ya tuɓe takalmi a gaban jama'a ya ɗora ƙafar a gwiwata. Wurin yatsan ya warke, ya bar wani lotsattsen tabo.

Ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "To, Ummaru, saura tara. Na rage maka aiki."

Mutane suka yi dariya, ni ban iya ba. Na wanke hannuna. Na ce masa hannu zan yanke masa, amma ƙafa sai dai in goge da magogi a hankali, kuma in farce ya shiga nama asibiti za shi. Ya ce, "Ita ma mai tabarau haka ta ce. Kun haɗa baki." Kafin in gama da shi mutum huɗu sun zauna a benci.

Daga wannan bencin ne aka kai ga shagon da kuke gani. Yanzu sana'ar ta canza. Samari suna buɗe shaguna masu madubi da fitilu, da injin goge farce, da baho na jiƙa ƙafa. Ban ƙi ba, yana da kyau. Amma na shiga wani na ga baho ɗaya, ruwa ɗaya, ƙafa ta uku a ciki. Hadiza ɗiyata ita take yi wa mata a ɗakin ciki, lalle da gyaran farce, har da farcen roba da ake mannawa da gam, wanda amare da baƙi suke so. Wata rana ta kira ni in ga hannun wata amarya da aka manna wa a wani wuri ya yi sati huɗu. Da Hadiza ta ciro na robar, farcen ainihi ya yi kore a ƙasa, yana wari. Amaryar ta ce a manna sabo a rufe. Hadiza ta ce a'a, ta je a duba ta. Matar ta fita da fushi ba ta dawo ba. Na ce wa Hadiza ta yi daidai. Na kuma fasa mata bango na ƙara taga, don warin gam da na ruwan goge fenti yana sa ta ciwon kai da tari.

Malam Bawa ya daɗe da ajiye tuƙi. Idonsa ya yi rauni, ba ya ganin ƙafarsa sosai. Shi ya sa kowace Juma'a nake rufe shago da hantsi, in ɗauki kwanona in je gidansa. Matarsa, wadda ta juya mini baya a asibiti, ita take kawo mini kunu yanzu. Ba gyaran farcen ne babban aikin ba. Nakan ɗaga ƙafar in duba tafinta, in buɗe tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya.

A daminar bara, ina dubawa sai na ga wani baƙin ɗigo a dundunniyarsa ta hagu, gefensa ya yi ja. Ƙaya ce ta shige ta karye a ciki. Na danna kusa da wurin na ce, "Ka ji?" Ya ce me? Ƙaramin almakashina yana hannuna, a tafashe, kuma na san zan iya ciro ta kafin ya ƙifta ido. Na mayar da shi cikin kwano na rufe.

Na ce, "Tashi, Malam Bawa, asibiti za mu."

"Yau Juma'a fa, Ummaru. A bari sai Litinin."

"Yanzu."

Na tsayar da keke mai ƙafa uku, muka tafi yana mita tun daga ƙofar gida. Aka ciro ƙayar, aka wanke, aka ba shi magani, aka ce ya riƙa zuwa wankin ciwon. Muka sami salla a masallacin kusa da asibitin, a sahun waje. Sati biyu wurin ya rufe.

Juma'ar da ta biyo bayan warkewar, na gama dubawa ina mayar masa da takalmi, ya ce, "Nawa ka samu?"

Na ce, "Tara."

Ya ce, "Sake ƙirgawa dai. Ban yarda da kai ba."

Na sake tuɓe takalmin na ƙirga masa da ƙarfi, yana dariya har sandarsa ta faɗi.